Lamba Biyar a Jikin Bishiya

"An tashi lafiya, tsoho mai ran ƙarfe?"

"Lafiya lau, ja'ira. Sai yanzu, rana ta take?"

Ina hura wa tukwanen wake wuta na jiyo su. Shekara talatin ina yi wa masu ɓare bishiyar da ake toshe kwalba da ɓawonta girki a dajin nan namu na Alentejo, a ƙasar Portugal, ban taɓa jin Kaka Firmino da jikarsa Graciete sun gaisa babu tsiya ba. Jiya hannun tsohon ya yi rawa, gatari ya zarce ɓawo ya shiga naman wata bishiya, irin raunin da ba ya warkewa. Yau kuma za a yi wa wadda ya shuka ranar haihuwar Graciete ɓarar fari, ya rantse shi zai ɓare ta.

"Ina farin fentin da na aike ki? Wannan ɗan gwangwanin? Kai, rowa a jininki take!"

"Lamba ɗaya za a rubuta, Kaka, ba coci za a shafe ba."

"Matsa min. Rabin kwalaben duniya da ɓawon da na ɓare aka toshe su."

"Shi ya sa duk suke yoyo."

"Ke! Ina riƙe da gatarin nan ko ubanki bai san hanyar bakinsa ba."

"Na yarda. Jiya ma da cokali ka nemi naka bakin, ka ɗura wa kunne miya."

Babu wanda ya yi dariya. Ta je ta jingina bayanta da bishiyar.

"Sa'ata ce wannan, Kaka. Shekararmu ashirin da biyar. In za ka sara, fara ta kaina, na fi ta taurin fata."

Tsohon ya ɗaga gatarin. Duk muka ga bakin gatarin yana karkarwa a sama, shi ma ya gani. Wallahi sai da na kau da kai, tausayi ya hana ni kallo. Ya daɗe a haka kafin ya juya ƙotar ya miƙa mata.

"Ungo, uwar rowa. Dama ya dakushe. In kika ji mata ciwo, na sake ki."

"Wa zai kwashe ka in ba ni ba?"

Ta tsaga, ta zura ƙotar ta ɓanɓaro ɓawon, jikin bishiyar ya fito sumul babu ko ƙwarzane. Shi kuwa ya ɗauki buroshi, aikin da ya saba rainawa. Ya rubuta biyar, lambar ƙarshe ta shekarar bana, don a san sai bayan shekara tara za a sake taɓa ta. Ta fito a karkace, fenti na zuba.

"Wannan biyar ce ko ƙugiya?" in ji Graciete.

Ya yi 'yar dariya, ya goge hannu a wando.

"In shekara tara ta cika kika zo ke kaɗai, kika same ta a haka, kada ki gyara min."