Ranar da na gaji ragon suna

Ba zan taɓa mantawa da asubahin sunan ɗan Yaya Mamman ba, ko da na so in manta, ƴan gidanmu ba za su bari ba.

Ana gobe suna Baba ya kawo wata fitila mai ido daga kasuwa, irin wadda ke kunna kanta in ta ga motsi. Ya ce a kira mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, ya kafa ta. Na ce wane mai gyara, ni da na yi karatu har babbar sakandare ta lise? Dama na daɗe ina roƙonsa ya bar ni in shiga formasiyon, wato koyon aikin lantarki, yana cewa "sai na ga hannunki." To ga rana.

Na kafa ta a jikin zaure ta ciki. Da na ga ta kama, sai zalama ta taso, na ja waya daga bayanta na haɗa ampul, wato ƙwan wutar tsakar gida, da na rumfar Inna, na cire makunninsu gaba ɗaya (wa zai tsaya danna abu a zamanin nan?). Inna ta ce, "Ke Falmata, kin gwada kuwa?" Na ce, "Inna, ba ga haske ba?" Har muka kwanta bai ɗauke ba.

Abin da ban lura da shi ba, idon fitilar lungu ɗaya kawai yake kallo, inda aka ɗaure ragon suna. Shi ke ta zagaye turke yana riƙe mana wuta.

Da asuba aka raɗa suna, aka ja rago waje. Gari bai gama wayewa ba wanzami ya zauna a rumfa, jariri a cinyar Gwaggo, aska a kan ɗan mutane. Sai ɗif! Duhu.

"Innalillahi! Kar wanda ya motsa!" in ji wanzami.

Nan take na tuna babu rago a turke. Motsin nan shi kaɗai ne magani, ga makunni na cire da hannuna. Mai jego ta fasa kuka. Na kwasa a guje, ɗankwali ya faɗi, na tsaya a bakin turke cikin kashin rago ina ɗaga hannu ina tsalle. Haske ya dawo. Yaro lafiya, ko ƙwarzane babu.

Na juya zan gudu, wanzami ya ce, "A'a ƴata, tsaya nan sai na gama."

Haka na yi ta rawa babu kiɗa, surukan Yaya da suka zo daga Mirriya suna kallo. Baba ya leƙo daga zaure, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Na ga hannunki. Duka biyun."

Formasiyon dai Baba ya bar ni na shiga, wai don gidansa ya tsira. Yanzu duk wayar da na ja, sai na bar mata makunni, kuma kafin in yabi kaina sai na duba ko akwai rago a kusa.