Gangar Ƙarfe a Ranar Gayya

Wani ne a ƙauyenmu, can bayan garin Gutu. Ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe muna haɗuwa a wurin niƙa. Ya yi 'yan shekaru a birnin Bulawayo yana share wata mashaya. Da mashayar ta durƙushe, mai ita ya ce kowane ma'aikaci ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Masu hankali suka kwashi kujeru da tukwane. Mutumin naku kuwa ya rungumo gangar ƙarfe, irin wadda ake ɗura giyar kamfani a ciki, haɗe da kan famfonta. A cinya ya riƙe ta cikin bas har gida, kamar jinjiri.

Ya iso ya tarar ciyawa ta fi masararsa tsawo. Damina ta yi nisa. In ba a nome gonar nan cikin makon ba, to bana babu sadza, tuwonmu na masara, a gidansa sai na roƙo. Shi kaɗai kuma ba zai iya ba, hannu ya saba da tsintsiya. Dole sai gayya. Gayyarmu kuwa kun san ta, in babu giya ba mai ɗaga fartanya.

Ya tafi wajen Tete Sarudzai, yayar babansa, wadda duk yankin ba mai hannunta a giyar tamba.

"Tete, giya za ki dafa min ta gayya. Amma ba a randa za a sha ba."

"A ina za a sha? A hularka?"

"A ganga, irin ta birni. Ka murɗa, ta zubo."

Tete ta zo ta ga ganga. Ta zagaye ta, ta ƙwanƙwasa, ta sake zagayawa.

"Ina bakinta?"

"Ga shi nan a sama."

"Wannan ai cibiya ce. Ta ina ludayi zai shiga?"

"An daina ludayi, Tete. Duniya ta ci gaba."

Tete ta ce, "To." Ta koma gida ta jiƙa tamba.

Sai maganar wanki. A tsakiyar bakin gangar akwai wata 'yar ƙwallon ƙarfe. A mashaya ya sha ganin ana taɓa wurin, amma daga nesa, yana shara. Ya sunkuya, ya kafa ido daidai saitin, ya danna da ƙusa. Ashe akwai ragowar giya a ciki tun ta Bulawayo, ta tsufa da iskarta. Fiiit! Cikin ido, cikin hanci, har kunne sai da ya samu rabonsa.

Matarsa Ruramai ta leƙo daga madafa.

"Baban yara, kuka kake yi?"

"Gwaji nake yi."

"Wannan warin fa? Kamar akuya ta mutu a rijiya."

"Warin kayan birni ne. Hancinki bai saba ba."

Ya aro sifana, ya yi ta kokawa har kan gangar ya kwance. Ya zaro wani dogon bututu da ya kai har gindin gangar. Ya gwada zura hannu da soso, yatsa biyu kawai suka shiga. Ya tsaya yana tunani, abin da ba ya yi masa kyau. Sai ya juye garin sabulun Ruramai duka a ciki, ya ƙara tsakuwa cikin tafi, ya zuba ruwan zafi, ya mayar da kai ya ɗaure. Ya kwantar da ita ya tura da ƙafa, wai tsakuwar ta goge cikin.

Gidansa a kan tudu yake. Ganga ta ɗan mirgina, ta ji daɗi, ta kama hanya. Ta wuce rumbu, ta watsa kaji, ta tsallake 'yar hanyar rafi tana kwaram-kwaram, shi kuma yana biye yana kiran ta kamar za ta amsa. Ba ta tsaya ba sai cikin garken Sekuru Mugwagwa, dattijon da ke jan gaba a duk gayyar ƙauyen. Tsohon yana zaune a kan kututture yana shaƙar taba. Shanu ne suka gudu, shi ko motsi bai yi ba.

"Ɗana, wannan taka ce?"

"Tawa ce, Sekuru. Wanka nake mata."

"A garkena?"

"Ai mun kusa gamawa."

"Ita ce wadda aka ce za mu sha giya a cikinta?"

"Ita ce, Sekuru."

Tsohon ya dubi kashin shanun da ya lulluɓe ta. Ya ce, "To, in ka gama wannan wankan ka yi mata wani."

Ya sha ɗauraya. Ruramai ta yi ta jidar ruwa daga rafi har wuyanta ya sage. Duk ruwan da ya zuba, kumfa ke fitowa. Daga ƙarshe ya gaji, ya yanke hukunci cewa kumfar daga jinin gangar take. Ai giyar birni ma da kumfa take zuwa a ka. Ya kife ta a rana, ya ce ta tsarkaka.

Ana gobe gayya Tete ta tace giya. Kai, giya ta yi! Ga kauri, ga ƙamshi, tana ta tsuwwa a randa tana tsartuwa. Ni da ke ba ku labarin nan na wuce ta ƙofar gidan, sai da na haɗiye yawu. Mutuminku ya kawo mazurari ya shiga ɗurawa.

Tete ta ce, "Kai, bar mata wuri. Giyar nan da ranta, numfashi take yi. Randa ma ba a toshe ta, faifai ake ɗorawa."

"A birni kulle ta ake yi."

"Ta birni ai gawa ce, shi ya sa take zama."

"Tete, ke dai miƙo."

"To bar min ko tulu ɗaya a gefe, saboda tsaro."

"Tsaron me? A ga tulu a gayyata, a ce ban waye ba? Juye duka."

Ta juye duka, har da na ƙasan randa mai dusa-dusa. Ya cika ganga har wuya. Ya mayar da bututu, ya ɗaure da sifana, ya taka sifanar da ƙafa don ta ƙara kamawa. Tete ta ɗauki faifanta ta tafi, ko sallama ba ta yi ba.

Da safe ya turo ganga a baro zuwa bakin gona. Akwai inuwa, bishiya guda har da rassa. Bai ajiye ta a nan ba. Ya kafa ta a fili, tsakiyar rana, don ta yi ƙyalli kowa ya gani.

Jama'a suka fito, maza da mata, kowa da fartanyarsa. Ana waƙa ana noma, ana satar kallon ganga. Kafin rana ta take an share rabin gona tas. Sekuru ya ɗaga hannu, aka ajiye fartanya, aka zauna a inuwa. Kowa ya fito da ƙwaryarsa, maƙogwaro ya bushe.

Maƙwabcinsa Dzingai, wanda bakinsa ba ya hutu, ya kasa kunne.

"Maigida, gangar nan taka gunaguni take yi."

"Gaishe ku take yi."

"Ta yi zafi kuwa kamar dutsen guga."

"Haka masu tsada suke."

Sekuru ya cire hula, ya miƙo ƙwarya. Ya ce, "Fara zubo na kakanni. Ɗan kaɗan, mu jiƙa musu ƙasa su sha, sannan mu masu rai." Ba a taɓa shan giyar gayya ba a yi haka ba. Mata suka fara tafa hannu a hankali.

Mutuminku ya gyara wuyan riga. Ya ɗaura kan famfo, ya kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa.

Ba abin da ya fito.

Ya sake murɗawa. Wani ɗan dunƙulen dusa ya leƙo daga bakin famfon, ya yi shawara, ya faɗa ƙwaryar Sekuru.

Dzingai ya ce, "Wannan na kakan wa ne? Ko na mai azumi?"

Tete ta ce daga inda take zaune, "Dusa ce ta toshe bututun."

"Ba dusa ba ce, Tete, iska ce ta yi kaɗan. A birni iska ake haɗa mata."

Ya ruga gida ya ɗauko famfon keke. Ya ɗaura a gefen kan famfon giyar, ya naɗe da robar tayar keke, ya shiga bugawa. Yana bugawa yana gumi. Ganga ta fara ƙis, ƙis, ƙis. Karnukan da suka biyo masu gayya suka tashi suka bar wurin. Tete ta ɗauki kujerarta ta koma bayan bishiya.

Ruramai ta ce, "Baban yara, ko mu ɗan bar ta ta huce?"

"Ke, kin taɓa zuwa Bulawayo?"

Ya ƙara bugu. Ya murɗa famfo. Shiru. Hannun Sekuru na nan a miƙe da ƙwarya.

"Ɗana, kakanni na jira."

"Yanzu, Sekuru. Bari in buɗe in duba ciki."

Ya ɗauki sifana. Ya murɗa sau ɗaya, ta yi tsaki. Ya murɗa na biyu.

Ƙarar da aka ji, mutanen ƙauyen gaba sun ce sun ɗauka dutse aka fasa. Bututu ya tashi sama da kan famfon da famfon keken gaba ɗaya, har yau ba a ga inda suka sauka ba. Giya ta bi bayansu, ta miƙe ta wuce tsawon bishiya, ta tsaya can kamar tana duba gari, sannan ta dawo. Aka yi ruwan giya. Kumfar sabulu ta rufe kunya uku na masara. Mutuminku yana zaune daɓas a ƙasa, fari fat, sifana a hannu, idanu kawai ake gani.

Da abin ya lafa, Dzingai ya leƙa ganga. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya girgiza. Tsakuwa guda ce ta amsa. Ƙasa kuwa, da ma da ƙishinta, ta shanye komai tana tururi.

Ba wanda ya yi dariya, abin ya wuce nan. Sekuru ya share gemu, ya dubi ƙasar da ta jiƙe sharkaf. Ya durƙusa, ya tafa hannu cikin ladabi kamar yadda ake yi. Ya mayar da hularsa, ya saɓa fartanya, ya kama hanyar gida. Jama'a suka tashi suka bi shi, kowa da busasshiyar ƙwaryarsa.

Mutuminku ya zabura, kumfa na zuba daga kunnensa.

"Sekuru! Sekuru, ina za ku? Saura rabin gona fa!"

Tsohon ko waiwaye bai yi ba.

"Ɗana, wanda ya sha giya shi ke ƙarasa noma. Kakanninka sun shanye, ajiye musu fartanya."