Tukunyar Tsafin da Ta Zama Madambaci

Ba zan taɓa mantawa da ranar taron iyaye a makarantarmu ta Yelwa ba. Ni ce malamar tarihi, kuma a lokacin kaina ya kumbura, don na gano wani gidan tarihi na ƙasar waje ya ɗora hotunan kayan Yauri a intanet, waɗanda aka kwasa tun kafin ruwan Kainji ya cinye garuruwan kakanninmu.

Na aro majigi, na sha lalle, na gayyato dattawa. A gaba na zaunar da Inna Hajo, tsohuwar da aka haifa a ɗaya daga tsibiran da ruwan ya cinye. Hoton ya ƙi buɗewa sai da na yi zufa (sabis ɗinmu kun san halinsa). Da ya fito, ga wata baƙar tukunya. Na gyara murya na ce, "Inna, duba da kyau ki gani!"

Sai a lokacin na tuna. Inna Hajo ta shekara goma ba ta gani, kuma ni ce na riƙo hannunta muka shigo.

Ta ce, "Ɗiyata, ba ni da idon dubawa. Mi anka rubuta?"

Maimakon in nemi gafara, sai na ƙara kwaɓa. Na karanto Turancin da ƙarfi, na fassara: tukunyar tsafi ce, masana ba su gano amfaninta ba.

"Gindinta da huji?"

"Da huji, Inna, kamar guda tara."

Ta kwashe da dariya har da tari. "Madambaci na! Dambu muka yi ciki. Tsafin mi?"

Iyaye ma suka fashe da dariya. Shugabar makaranta ta rufe fuska da gyale. Ni da digirina na tsaya ina kare rubutun mutanen da ba su taɓa cin dambu ba.

Kunyar ta kwana biyu, sannan ta koma haushi. Na nemi wurin gyara a shafinsu, suka ce sai da Turanci, sai kuma mai bincike daga jami'a. Na naɗi muryar Inna da Hausa, dariyar da tarin duka, na aika musu a haka. Sau huɗu ke nan, ba amsa. Jibi zan aika na biyar.

Yanzu kafin in karanta wa kowa abin da aka rubuta a kanmu, sai na fara tambayar tsofaffin da ke wurin.