Rasuwar Murhu, Uwar Ƙungiyar A Sakar Mana Mara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da cinya wadda har yanzu ba ta saba da sanyi ba, nake sanar da 'yan uwa, abokan gwagwarmaya, har ma da abokan gaba, rasuwar kwamfutata ta hannu, wadda 'yan Ƙungiyar A Sakar Mana Mara suka sani da Uwar Gwagwarmaya, mutanen gidana kuwa suke kira Murhu saboda zafin jikinta. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin cin abinci, tsakanin kofin shayina da takalmin makarantar autarmu. Ta tafi tana tsakiyar aiki, ana jibi za a kaɗa ƙuri'ar da ta ƙarar da rayuwarta dominta.

Marigayiya ba 'yar gata ba ce. A bazawara ta zo hannuna, bayan ta yi zaman ofishin wani lauya, ta kuma yi na wata ɗaliba mai cin gyaɗa a kan madannai. Na same ta babu rasit, babu garanti, babu hatimin kowace hukuma, ciniki tsakanin 'yantattu biyu a bayan shagon mai gyara. Tun a ranar na san jininmu ya haɗu.

Ga wanda bai san aikin da ta yi ba, sai in ɗan yi bayani. Akwai wani dandali a intanet mai suna Zauren Masu Na'ura, inda dubban mutane ke haɗuwa su yi tambaya a kan wayar da ta faɗa ruwa, da batirin sola, da firintar da ta ƙi jan takarda. Zaure ne mai albarka, aibinsa ɗaya: yana da masu sa ido. Mutum uku ne ƙarƙashin wani tsohon ma'aikacin gyaran layin tarho da ake kira Dattijo, su goge wannan, su rufe bakin wancan, su ce wai a tsaya a kan batu. Mu kuwa aƙidarmu a fili take: babu mai mulkar wani, babu haraji, babu lasisi, kasuwa ta yi halinta, kowa tasa ta fisshe shi. Muka ce kafin mu 'yantar da duniya, bari mu fara da Zauren. Ƙungiyar ba ta da shugaba, wannan haramun ne a wurinmu. Ni mai tunatarwa ne kawai, wanda idan ya tunatar ba a musu.

A nan marigayiya ta nuna bajinta. Wani bawan Allah zai shigo ya ce, “Jama'a, firintata ba ta fitar da jan launi.” Kafin ya kurɓi ruwa, Murhu ta tura masa Sarkin Kansa, wanda zai tambaye shi ko ya san nawa ne harajin da ke kan tawada. Sai Hajiya Babu Haraji ta shigo ta ce wallahi maganar nan ta taɓa mata zuciya. Injiniya Sakaka ya kawo dogon sharhi. Daga nan Mai Shakka ya taso da musu mai rauni, a yi masa bayani, ya ce, “Kai, yau na gane gaskiya.” Mai Shakka ya gane gaskiya kowane mako tsawon shekaru, bai taɓa gajiya ba. Duk waɗannan bayin Allah, da wasu da dama, a cikin Murhu suke zaune, da yatsuna goman nan suke magana. Firintar mutumin ba ta gyaru ba, amma ya koma gida da wayewar kai.

Mutanen da ke da jini a jika a ƙungiyar, ban da ni, biyu ne: Mai Sola, wanda ke hawa rufin mutane yana dasa faranti, da Akawu, wanda ke aiki a ofishin karɓar haraji, yana yaƙar tsarin daga ciki, yana kuma karɓar albashinsa a kan kari don ya raunana shi.

Marigayiya mai aƙida ce har cikin ƙashinta. Kullum kamfanin da ya ƙera ta sai ya aiko da umarni cewa a sabunta manhajarta, kullum ni da ita mu danna “tuna mini gobe”. Goben nan ba ta taɓa zuwa ba. Ba ta taɓa ajiye ko harafi ɗaya a rumbun wani kamfani ba, don wanda ya riƙe maka kaya ya riƙe maka wuya. Kalmomin sirrin 'ya'yanta, wato asusun su Sarkin Kansa, ita ta ƙirƙiro su, dogaye kamar layin banki, ita kaɗai ta haddace su. Ni kaina ban sani ba, har da na asusuna. Sau da yawa Zauren ya roƙe ni in haɗa asusun da lambar waya saboda ɓacin rana, na ƙi, na kuma rubuta maƙala mai suna “Lambar Waya Igiya Ce”, wadda Hajiya Babu Haraji ta ce ta sa ta hawaye.

Za mu yi kewar muryarta. Da safe takan farka da “tiriiin”, cikin ladabi. Idan muhawara ta yi zafi fankarta ta ɗauki “fuuuuuu” kamar jirgi zai tashi, har uwar 'ya'yana ta leƙo daga kicin ta ce, “Malam, in za ku tashi ku tafi da kwandon shara.” A shekarunta na ƙarshe ta ƙara da wani “ƙat-ƙat-ƙat” daga gefen hagu, wanda ni na fassara da tafi.

Rashin lafiyarta gajere ne. Cajarta ta asali ta tsinke a wuya. Yayan matata, wanda ke aiki a ofishin duba ingancin kaya, ya kawo mini wata mai hatimi kyauta, yana wani murmushi. Na mayar masa da abarsa. Na ce hatimi sarƙa ce, kasuwa ta fi kowane ofishi sanin caja mai kyau. Na tafi bakin tasha na zaɓo wata 'yantacciya daga faifan wani mai talla, fara sol, mara nauyi, babu sunan kowa a jikinta. Kwana na farko suka zauna lafiya. A na biyu Murhu ta fara ja na a yatsa idan na taɓa gefenta, na ɗauka zumuɗin ƙuri'a ne.

Ƙuri'ar kuwa ita ce komai. Bayan shekaru muna ƙorafi, Dattijo ya yarda a kaɗa ƙuri'a ranar Alhamis, a rufe da azahar, a kan ƙudurin da ni na rubuta da hannuna. Sashe na ɗaya: a sauke masu sa ido. Na biyu: a saki duk wanda aka taɓa rufe wa baki. Na uku, wanda na fi alfahari da shi: a lalata makullin Zauren gaba ɗaya, kada a bar wani mahaluki da ikon buɗe asusun wani, ko rufe shi, ko amincewa da sabon shiga. 'Yan Zauren ba su damu da ƙuri'a ba, firintarsu ce a gabansu, don haka lissafina ya nuna 'ya'yan Murhu kaɗai sun isa su rinjaya.

Ranar Talata ina cikin sa Mai Shakka ya gane gaskiya karo na ƙarshe, sai na ji “ɗas!” Wani shuɗin haske ya gilma. Hayaƙi siriri ya fito ta kunnenta na dama, mai ƙaurin roba. Fankar ta yi “fuu… fu…” ta yi shiru. Autarmu ta ce, “Baba, Murhu ta dahu.”

Na rungume ta a guje sai shagon mai gyara. Ya kwance cikinta, ya shinshina, ya juya ta, ya sake shinshinawa, sannan ya cire tabarau ya ajiye.

“Oga, sai haƙuri. Har ma'ajiyar ta soye.”

“Mutanen da ke ciki fa?”

Ya dube ni, ya dubi gawar. “Mutane kuma? Oga, zauna in sa a kawo maka ruwa.”

Ban zauna ba. Na kira Mai Sola, na same shi a kan rufin wani. Na ce ya zo mu haɗa kai mu ga yadda za a ceto ƙuri'ar nan, ko da hayar ƙwararre ce. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba kai ka koya mana cewa taimakon da aka roƙa ƙanin haraji ne ba? Na haddace maƙalar, in karanto maka?” Na ji daɗin yadda karatu ya zauna masa, na kashe wayar. Akawu kuwa cikin raɗa ya amsa, ya ce ogansa na kusa, kuma a ganinsa kasuwa ce ta yanke hukunci, bai kamata mu yi mata katsalandan ba. Yayan matata ya zo gaisuwa ba a gayyace shi ba, ya ɗaga cajar da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya ce, “Ashe wannan ce 'yantacciyar? To ai ta 'yantar da ita.” Albarkacin ƙanwarsa na ƙyale shi.

Ranar Alhamis na roƙi uwar 'ya'yana aron wayarta. Ta ba ni da sharaɗin in fara wanke kwanuka, yarjejeniyar da na shiga bisa raɗin kaina. Na leƙa Zauren a matsayin baƙo, mai gani ba mai magana ba. Masu goyon bayan ƙudurinmu biyu ne kacal. Sarkin Kansa shiru, Hajiya shiru, Injiniya shiru. Wani ma ya rubuta, “Yau Zauren ya yi daɗi, ina 'yan harajin nan suka shiga?” Na ga aikin shekaru yana nutsewa a gabana, hannuna da kumfar sabulu.

Ana saura kaɗan a rufe, sai ga saƙon Dattijo. Ya ce ya daɗe yana karanta hujjojinmu, musamman yadda Mai Shakka ke gamsuwa, shi ma yau ya gamsu. Ya ce shekarunsa nawa yana share tallan banza kyauta, ana zaginsa kyauta, ga jikoki ga lambu suna jiran sa. Ya kaɗa ƙuri'ar amincewa. Sauran masu sa idon uku suka bi bayansa har suna rige-rige. Ƙuduri ya wuce. Na yi ihu har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa bango. Nan take na rubuta wa Dattijo ta adireshin ƙorafi cewa ya taimaka ya buɗe mini asusuna in yi jawabin nasara. Amsarsa ta zo da hotonsa yana ba tumatir ruwa: “Ɗana, sashe na uku. Na aiwatar da shi kafin in tashi. Allah Ya sanya alheri.”

Na gwada buɗe sabon asusu. Aka ce in jira amincewar mai sa ido.

Zauren yanzu 'yantacce ne, ina alfahari da hakan. Waɗanda sashe na biyu ya saki sun dawo da ƙarfinsu: mai maganin ƙara tsayi, mai ninka kuɗi kafin magariba, da wata baiwar Allah da ke neman wanda zai gaji dukiyar mijinta. Jiya wani ya tambayi yadda ake busar da wayar da ta faɗa ruwa, aka ba shi amsa da maganin basir. Ba wanda ya yi masa zancen haraji. Nan ne hawaye ya zubo mini.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai tunatarwa. Da Mai Sola da Akawu. Da linzamin kwamfuta mai kunne ɗaya. Da jakarta mai ɓallallen zif. Da 'ya'ya masu yawa waɗanda suke nan a Zauren da hotunansu, ba su mutu ba, ba kuma za su sake magana ba.

Game da jana'iza, ƙungiya ba ta da ikon sa wa kowa lokaci, kowa ya zo sa'ad da ya ga dama. Sai dai uwar 'ya'yana ta ce idan gawar ta kai Asabar da hantsi a kan teburinta, ita za ta yi mata sutura da buhun shara, don haka Asabar ɗin za a yi. Za a tashi daga gidana zuwa shagon mai gyara, inda za a raba sassanta ga mabuƙata a kan farashin da kasuwa ta yanke. Ba za a gurfanar da cajar a gaban kowa ba, tun da ba mu yarda da kotu ba. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, baki da baki, kowa ya zo da kujerarsa. Duk kuma wanda Allah Ya sa yana da asusu a Zauren, ina roƙonsa, ba umarni ba ne, ya kwafi wannan sanarwa ya liƙa musu tsakanin mai maganin tsayi da mai ninka kuɗi, ya shaida musu cewa wanda ya 'yantar da su yana nan tsaye a waje.