Ranar da Inji Ya Buga Mini Hatimi

A shekarar da aka kawo wa akawun gidan waya injin buga hatimi a Kalgo, ni nake rubuta wa mutanen Gwandu wasiƙu, kuma a ganina ba mai koya mini komai game da takarda. Ranar sunan ɗana na fari na zo Kalgo, inda ake taron, sanye da farar rigar da surukina ya ɗinka mini, na ratsa in aika wata wasiƙa.

Na tarar akawu yana nuna wa jama'a: a zura wasiƙa, a juya ƙarfe, ta fito da jan hatimi, ba sai an liƙa kan sarki ba.

"Malam, bari in koya maka," in ji shi.

"Wanga ɗan ƙarfe? Matsa ka gani."

Na juya da ƙarfina. Injin ya haɗiye wasiƙar, ya haɗa da hannun rigata. Na firgita, maimakon in tsaya sai na ƙara juyawa, yana ta bugawa ƙwas, ƙwas! Mutane suka ɗauki salati, akawu ya ɗora hannu a ka. Da ƙyar aka zaro ni, jan hatimi bakwai jere har kafaɗa.

Haka na shiga taron suna. Surukina ya daɗe yana kallon rigar da ya ɗinka mini, sannan ya ce, "To, wane gari za a kai ka?"

Yau ɗan nan ya yi gemu, amma in na shiga Kalgo sai an tambaye ni, "Malam Wasiƙa, har yanzu ba ka isa ba?"