Ƙofar da Na Auna da Tsayina

Ko da zan manta ranar ɗaurin aurena (Allah ya sa mai ɗakina ba za ta karanta wannan ba), ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe rumfar kawuna a Kontagora ba. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a ba mu Jihar Neja ba tukuna. Ban daɗe da dawowa daga Kaduna ba, inda na koyo zanen gine-gine, kaina ya kumbura da ilimi har ina jin tausayin mutanen garinmu.

Kawu Alhaji Bawa, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi ne. Ya daɗe yana jin zafin yadda matan ƙauye ke zube a bakin hanya da kayansu, rana ta dake su, ruwan sama ya kore su. Sai ya yi niyyar gina musu babbar rumfar bulo kusa da tasha, mai rufin kwano, su riƙa kama wuri a ciki. Duk abin da ya tara a nan ya zuba shi. Abokansa suka ce ya ɗauko ƙwararre daga waje, ya ce a'a, yana da injiniya a gida. (Ni ba injiniya ba ne, amma ban taɓa gyara masa ba.)

Gaskiya na yi wa jama'a tunani, wannan kam ba za a ƙwace mini ba. Na sa tagogi ta gabas da yamma don iska, na ware wurin ajiye randa, na fitar da kwata don kada ruwa ya kwanta. Da aka zo kan ƙofa kuwa, sai na kawo wata dabara da na ɗauka babu mai irinta. Ni dogo ne, irin dogon da tun ina makaranta ake sa shi a layin baya. Na tsaya a bakin ƙofar, na sa magina suka zuba linta, wato simintin saman ƙofa, ɗan sama kaɗan da hulata. Na ce musu in dai ni na shige, to babu mahaluƙin da zai gagara shiga a duk ƙasar Kontagora. Suka ce haka ne, Injiniya.

Ranar buɗewa ranar kasuwa ce. Na ci ado da kwat ɗin da na ɗinko a Kaduna, har da ɗaurin wuya irin na Turawa, gumi na bin bayana. Wakilin hakimi ya zo, liman ya yi addu'a, mutane sun cika wurin maƙil. Kawu ya ce bisimilla, mata su shiga kowa ta zaɓi wurinta.

Babu wadda ta motsa. Ga su nan tsaye, Kambari da Dukawa da Fulani, wasu tun daga wajen Nasko, kowacce da kaya a ka: mai doya, mai dawa, mai tukwane. Sai su dubi ƙofa, su dubi juna. Na ga fuskar Kawu ta canza, domin in matan nan suka ƙi rumfar, ya gina wa awaki wurin kwana ke nan.

Ni kuwa nan take na gano matsalar, a ganina. Mutanen ƙauye ne, sun ga ginin zamani sun tsorata. Na matsa wajen wata dattijuwa mai ƙaton daro na doya, wadda ake kira Maman Istifanus, na ce, "Mama, ku shiga mana, domin ku aka yi shi. Kada ku ji tsoro."

Ta ɗaga ido sama ba tare da ta motsa wuya ba, ta ce, "Ɗana, ginin ya yi kyau. Amma ba zai wuce ba."

Na yi irin murmushin da likita ke yi wa mai tsoron allura. Na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce ni da na fi kowa tsawo a wurin nan da kaina aka auna ƙofar. Na ce bari in nuna musu. Akwai wata Bafillatana kusa da ni da ƙwaryar nono, ta ɗora ƙananan ƙore a kai. Na cire hula, na karɓi gammonta, na ce a ɗora mini. Ta ƙi, na nace, wakilin hakimi ya ce a bar injiniya ya yi aikinsa. (Har ya rasu ban gama yafe masa wannan maganar ba.)

Ni da rabona da ɗaukar kaya a ka tun ina yaro, na riƙe ƙwarya da hannu biyu, na miƙe ƙyam, na doshi ƙofa ina taku ɗai-ɗai. Har ina cewa, "Kun gani? Da sauƙi, kawai mutum ya..."

Ƙwas! Kaina ya shige, ƙwarya ba ta shige ba. Ta daki linta ta dare biyu, nono ya kwararo mini tun daga ƙeya har cikin takalmi. Dunƙulen fura ɗaya ya sauka a aljihun kwat ya zauna abinsa. Ludayi ya yi tsalle ya faɗa gaban liman.

Sai wata mai tukwane ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, shi ke nan kowa ya ɗauka. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Bafillatanar ta riƙe haɓa tana cewa, "Wayyo ƙwaryata! Ai na ce maka ka bari!" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne Kawu bai yi dariya ba, rumfarsa kawai yake kallo.

Maman Istifanus ce ta sa aka sauke mata daronta, sai da mata biyu suka kama, ta zo tana share mini fuska da bakin zanenta. A nan na ga abin da na kasa gani: kayan da sai an taru a sauke, ba a duƙawa da shi a ƙofa.

Kawu ya matso ya ce a hankali, "Injiniya, ka gwada, mun gani. Yanzu sai yaya?"

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ce a ba ni gawayi. Ina ɗigar nono na roƙi matan su jeru jikin bango da kayansu, na hau turmi ina shata tsayin kowacce. Mai tukwanen da ta fara dariya ita ta fi kowa, na ja layi a samanta na ƙara kamu guda. Da suka ga da gaske nake, baki ya buɗe. Wannan ta ce a faɗaɗa ƙofar yadda mai shiga da mai fita ba za su yi karo ba. Waccan ta ce a yi dakali mai tsawo daidai kafaɗa, mace ta sauke kayanta ba sai ta nemi mai kama mata ba. Wata ta ce a bar lungu mai inuwa na kwantar da jarirai. Duk cikin shawarwarin nan babu wadda na taɓa gani a littafi.

Kawu ya sallami Bafillatana da sabuwar ƙwarya, washegari magina suka fasa lintata. Kafin damina ta faɗi rumfar ta cika har ana rigimar wuri, Kawu ya sake ba ni zanen ta biyu. Daga nan duk ginin kasuwa da aka ba ni, sai na je na wuni ina kallon masu shiga da fita kafin in ɗauki fensir.

Sunan da na samu ranar dai bai bar ni ba. Har na yi furfura, in na ratsa ta tasha sai na ji wata ta ce, "Injiniya Sha-nono, an fito?" In amsa da fara'a, domin na ci sunan. A Kaduna an koya mini auna mutum daga tafin ƙafa zuwa ka, babu wanda ya gaya mini cewa ranar kasuwa a Kontagora mutum ba a ka yake ƙarewa ba.