Yadda Za Ka Cinye Lambun Maƙwabcinka a Barking

Gwamnati ta turo ka kwas Landan, kuɗin man fetur sun kama maka gida mai ɗan fili a baya a unguwar Barking, amma har yau ba wanda ya san sunanka a layin? Bi matakan nan. Ni na gwada su a 1974, kuma na yi maka alkawari, cikin wata uku kowa zai san ka.

1. Tsinto shukar

Je park, wato filin shaƙatawa, ka nemi wata ciyawa mai yaɗo, ganyenta kamar kwabo, furenta shuɗi-shuɗi. Turawa na ce mata ground ivy. Murza ganyen, ka shinshina, ka yanke hukunci cewa na'a-na'a ce. Kada ka tambayi kowa. Babban ma'aikaci ba ya tambaya.

2. Toshe kunne daga matarka

Tawa, Luba, ta kurɓi shayin da na dafa da ganyen ta tofar. "Baban Sakinatu, wallahi wannan ba na'a-na'a ba ce." Na ce ta Ingila ce, bakinta ne bai waye ba.

3. Dasa ta a gindin shinge

Ka riƙa ba ta ruwa safe da yamma, a garin da ruwan sama ba ya zuwa hutu. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Biza kuwa ba ta nema: mako shida ta ratsa ƙarƙashin shinge.

4. Karɓi godiya da fara'a

Maƙwabcina Mista Pettifer, wani tsoho ɗan fansho, shekara ashirin yana gyaran ciyawar filinsa har da almakashi, yana sa ran cin kofin gasar lambu ta unguwa. Ya leƙo ta saman shinge, fuska jajir.

"Mista Maharazu, kai ka shuka wannan? Da gangan?"

Na ce, "Haba, ai mun zama ɗaya. Ɗebi son ranka."

5. Taya shi aiki

Ari injinsa na yankan ciyawa, ka bi ta kan shukar a filayen biyu. Kowane guntu da ya faɗi sabuwar shuka ce. Alƙalan gasa sun zo, sun tsaya minti ɗaya, sun wuce. Matar Mista Pettifer ta daina amsa gaisuwar Luba, mai gidan da muke haya kuma ya ce mu tattara cikin wata guda.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da maƙwabcinka, ni ban taɓa ganinka ba. Na ma dawo Kaduna. Makon jiya wasiƙar Mista Pettifer ta iso: babu rubutu ko layi ɗaya, sai ɗan reshe naɗe a jiƙaƙƙiyar auduga, da saiwarsa. Luba ta jefa shi a murhu kafin in buɗe baki.